Jar Buta a Busan

Ni ba mutumin yawon buɗe ido ba ne. Abin da idona ya gani a Mina ya ishe shi. Tun ina saurayi, duk shekara in Hajji ya zo, ni ke shiga gaban alhazai in kwaso su daga Muzdalifa a ƙafa, in kai su jifa, in dawo da su tanti. Sauran watanni kuma ina tura keken tsofaffi a Harami. Alamata kowa ya san ta a tantunan mutanenmu: jar buta ta roba a rataye a kan doguwar sanda. Wani tuta yake ɗagawa, wani silifa, ni buta. Kuma kafin mu motsa sai na faɗa musu magana ɗaya da ƙarfi, har sau uku: wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, kada ya neme ni, ni zan neme shi. Da wannan na yi shekara da shekaru ban ɓatar da mutum ko ɗaya ba. Ba ni da karatu, ba ni da gidan kaina. Wannan kaɗai gare ni, kuma duk inda na zauna sai na faɗe shi.

'Yata ta fari ce ta ja ni Koriya. Aikin jinya take yi a wani asibiti a nan Makka. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tun tana makaranta take kallon wasannin kwaikwayon mutanen ƙasar a waya, tana yi wa waɗanda ba su san an haife ta ba kuka. Da ta samu hutunta na farko ta ce can za ta. Uwarta ta ce ba ta taka ko'ina sai da muharrami. Ƙaninta yana cikin jarrabawa. Sai abin ya faɗo a kaina.

Ranar tafiya, a bakin ƙofa, uwarta ta riƙe min hannun riga.

"Malam, ga amana nan. Yadda ka fita da ita haka za ka dawo min da ita."

Na ce, "Ni kike faɗa wa? Ni da nake dawo da tsofaffin da ba su san hagunsu daga damansu ba?"

An gaya min ban-ɗakunan ƙasar ba ruwan tsarki, sai takarda. Don haka na cire butata daga kan sandarta na cusa a jaka. A filin jirgi 'yata ta gan ta.

"Baba, aib wallahi. Wannan za ka kai Koriya?"

"Ita ta ciyar da ke har kika yi karatun da kike raina ta."

Daga nan muka fara saɓawa.

Garin da muka sauka Busan sunansa, a bakin teku. Duk tuddai ne, kamar tsofaffin unguwanninmu na kan dutse, sai dai mu namu hawan yana kai mutum gidansa. Nasu ka hau matakala har gwiwarka ta yi ƙara, ka isa sama, ka tarar da shagon gahawa. Ka sake hawa, wani shagon gahawar. Ba mai yi maka sallama. Ba mai ɗaga murya. Titi ba mota ko ɗaya, amma ga manyan mutane a tsaye suna jiran fitila ta ba su izini. Na ga kare da riga a cikin keken jarirai, mace tana tura shi, ni da nake tura 'yan Adam. Kwandon shara babu, sai ka yini da ƙwallon dabino a aljihu. Abinci kuwa, duk inda muka shiga sai ta nuna musu rubutu a waya cewa ba ma cin alade, su haɗa kai su yi shawara, a ƙarshe a kawo shinkafa da kifi da wani kabeji mai tsami wanda a gidana da an zubar.

Da safiyar farko ta zo da wani kati a jikin zare, mai sunan masaukinmu da rubutunsu, za ta rataya min a wuya. Na ture hannunta.

"Irin wanda nake rataya wa 'yan ƙauye a Mina? Ni?"

"Baba, ihtiyaɗ ne kawai, rigakafi. Ko da za a rabu."

Na jefa shi a kan gado. Wayata ba ta da layin ƙasar, don haka ita da fasfona suna cikin jakarta. Ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne tafiyar. Ita ce a gaba, ta ɗora wayarta a kan wata sandar ɗaukar hoto mai miƙewa, wayar na faɗa mata dama ko hagu, ni ina biye kamar rago. Rabona da bin bayan wani a hanya tun ina bin mahaifina.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe a garin, washegari da safe jirgin ƙasa zai kai mu babban birninsu. Ta tsara ranar tun muna Makka. Da rana wata unguwa a kan tudu da aka shafa wa gidajenta fenti kala-kala. Da yamma kuma wani ɗan ɗaki na gilashi da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe a saman teku, tana so ta shiga daidai faɗuwar rana. Wannan ɗin shi ne abin da ta zo dominsa. Ta nuna min hotonsa ya fi sau goma.

Unguwar fentin lunguna ce da matakala, cike da baƙi, kowa yana ɗaukar bango hoto. A nan wayarta ta yi kiran la'asar, don garin ba ladan. Na hango famfo a jikin wani bango, kusa da wani ɗan fili. Na ciro buta, na cika, na tuɓe takalmi na tsuguna. Ina wanke ƙafar dama na ji wurin ya yi tsit. Na ɗago, mutane sun kewaye ni, wasu da wayoyi a sama. Wani mai rigar ma'aikata ya zo yana gicciya hannuwansa a ƙirji, wai an hana. Sai na ga 'yata, Uwata, tana sunkuya masa kai irin yadda suke yi, tana ba shi haƙuri da yarensu. Ta fizge butar daga hannuna, ta zubar da ruwan, ta tura ta cikin jakarta.

Na miƙe, ƙafa ɗaya a jiƙe.

"Ke! Alwala kike ba wa wani haƙuri a kanta?"

"Baba, khalas, ya isa, kowa na kallonmu. Mu sauka ƙasa, akwai ban-ɗaki."

"Ba ni butata."

"Ba zan bayar ba. Tun da muka zo kake fasa min komai. Komai sai ka zaga. Me ya sa ka zo?"

"Uwarki ta aiko ni, in ba haka ba da ban zo ba."

Na ga maganar ta shige ta. Ban janye ba. Na saka takalmi na ce zan nemi inda zan yi sallata ba tare da an ji kunyata ba, na juya na kama matakalar da ke gabana. Ta kira ni sau biyu. Ban waiwaya ba.

Niyyata in yi sallah in dawo, in bar ta ta ɗan ji tsoro. Na yi abin da na saba: na ɗauki alama. A bakin lungun akwai wani kanti mai koren allo da fitila. Na riƙe shi a kaina. Na sauka, na karya dama, na sake sauka, ban samu ruwa ba. Da na juyo sai ga kanti mai koren allo. Na shiga lungun gefensa, ba shi ba ne. Gaba kaɗan ga wani kantin, allo ɗaya, fitila ɗaya, har kayan cikin iri ɗaya. Ashe kowace kusurwa da irinsa. Wane irin gari ne wannan da ba ya barin mutum ya gane shago?

A Makka in ka rikice abu biyu ne: bi gangare, bi jama'a, za ka tsinci kanka a Harami, daga nan kowa ya san hanyarsa. Ƙafata ta yi wannan da kanta ban shawarce ta ba. Na bi gangare, na bi jama'a, na yi tafiya mai tsawo, sai ga ni a kasuwar kifi. Robobi cike da ruwa, abubuwa suna motsi a ciki, wasu masu hannuwa da yawa suna ƙoƙarin fitowa. Ƙarni ko'ina. Wata tsohuwa mai takalmin roba tana wanke daɓe da tiyo. Na nuna tiyon, na nuna hannuwana. Ta yi min wata tsawa da ban san ko zagi ba ne ko izini, ta miƙo min. Na yi alwala tana tsaye a kaina tana mita.

Sai alƙibla. A Makka aka haife ni. Ban taɓa tambayar alƙibla ba a rayuwata, ni ake tambaya, kuma nakan amsa da haɓa. Na tsaya a bayan wasu akwatunan kifi ina juyawa kamar sabon zuwa. A ƙarshe na ce daga yamma muka taho, na fuskanci rana, na shimfiɗa kwali na yi.

Da na sallame na ga inda ranar ta kai. Ba waya, ba kati, ban san sunan masaukin ba, ban san sunan unguwar ba. Kuma ba wannan ne ya fi ci na ba. Na bar yarinya mace ita kaɗai a garin da ba mu da kowa. Na san halinta, za ta bazama nemana, ta shiga lungunan nan, ni ina nan tana can, mu yi ta saɓani har duhu. Na ji muryar uwarta a bakin ƙofa. Me zan ce mata? Na dawo da alhazan duniya na ɓatar da tawa?

Akwai wani tsoho da na taɓa tsinta a Mina, ba na tawagata ba, ya kwana biyu yana yawo, leɓensa duk ya tsage. Na yi masa faɗa sosai, na ce me ya hana ka tsayawa wuri ɗaya? Ya ce kunya ya ji, babba da shi ya tsaya a hanya kamar yaro. A lokacin na yi tsaki. A kasuwar kifin nan ya faɗo min a rai, kuma ban ji daɗin zuwansa ba.

Na tari mutum uku. Ɗaya ya kauce, ɗaya ya yi murmushi ya wuce, na ukun ya miƙo min wayarsa in yi magana a ciki. Na yi Larabci, wayar ta rubuta masa wani abu, ya nuna min hanyar filin jirgi. Na bar shi. Na ɗaga kai na nemi tudun da gidajensa ke da fenti, na sa shi a gaba, na fara hawa.

Ban taɓa tsanar matakala kamar ranar ba. Gwiwata ta dama ta kumbura, numfashi yana yanka ni. Duk wanda na wuce sai ya dubi farar jallabiyata da ta sha ruwan kifi. Da na shiga unguwar ban bi lungu ba. Na yi abin da nake yi in taro ya haɗiye tawaga: na nemi wuri mafi tsayi, na hau, na duba saman kawuna, ba fuskoki ba.

Rana ta kusa taɓa ruwa. Can nesa a kan teku ga ɗakunan gilashin nata suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na sauke ido ƙasa. A saman kawunan mutane, a ɗan filin nan na famfo, ga wani abu ja yana lilo.

Ta miƙe sandar hoton har ƙarshe, ta cire wayar, ta rataya butar. Tana tsaye daidai inda na bar ta, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ta tallafe gwiwar hannunta da ɗaya hannun don ya gaji. Baƙi suna tsayawa suna ɗaukar ta hoto, wasu suna dariya, ita da ta ji kunyar a kalle ni minti biyu. Mai rigar ma'aikatan yana gefe, da alama ya yi magana ya gaji.

Na ratsa na isa gabanta. Idonta ya yi ja. Ba ta sauke sandar ba sai da na kama ta da hannuna.

Na ce, "Uwata."

Hausarta ba ta da ƙarfi, in ranta ya ɓaci Larabci take yi. Amma wannan da Hausa ta faɗe shi, da irin muryata ta Mina, har mutane suka waiwayo.

"Wanda ya ɓata ya tsaya inda yake. Kai ka faɗa. Me ya sa ba ka tsaya ba?"

Na ce garin ne ba shi da tsari, shagunansu duk iri ɗaya.

Ta buɗe jaka ta ciro katin nan mai zare, ashe ta ɗauko shi daga kan gado. Ta miƙo min. Na karɓa na rataya da kaina.

Na ce, "Mu yi sauri, ko za mu samu abin naki na kan teku."

Ta dubi wajen. Ranar ta riga ta faɗi.

"Magariba ta yi, Baba. Ga butarka. Akwai ban-ɗaki a ƙasa."

Sauran kwana huɗun a babban birninsu na yi su da kati a wuya, ina bin bayanta. Birnin ya fi Busan hayaniya, bai fi shi kirki ba. Ban zagi komai da baki ba, ita ma ba ta ƙara nuna min hoton komai ba. In ta tsaya na tsaya, in ta ce ci na ci.

Da muka iso gida uwarta ta tare mu a ƙofa, ta rungume ta, ta dube ni ta kan kafaɗarta tana dariya.

"To, Malam, ba ka ɓatar min da ita ba dai?"

Na buɗe baki, 'yata ta riga ni.

"Ni ban ɓata ba, Mama."

Ta ja jakarta ta shige ɗaki. Uwarta ta tsaya tana kallon zaren da na manta ban cire daga wuyana ba.

Da hutunta ya sake zagayowa ta koma Busan. Da ƙaninta ta tafi. Ba wanda ya tambaye ni.