Dalmar Baba da Tagullar Direba

A shekarar da na cika ashirin da biyu, babu abin da nake jira kamar yammacin Juma'a. Muna zaune a unguwar Bani Malik ta Jidda, a ɗakuna biyu na ƙasan wani bene, inda Baba yake gadi, yana wanke motocin masu gida, yana kula da injin ruwa. Ni kuwa ina taya Inna suyar fanke na sayarwa, in mun gama in shige ɗaki da littafi. Littattafan soyayya ne da mata masu zuwa umara ke kawo mana daga Kano a ƙasan jaka, sun sha hannu har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu na koyi yadda saurayi yake: dogo, mai sanyin murya, wanda in ya dubi idon budurwa sai ya manta abin da ya zo faɗa.

Wanda Allah ya kawo mini gajere ne, kuma bai taɓa manta abin da ya zo faɗa ba. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur. A wajen wani suna ya gan ni ina rabon shayi, ya yi tambaya, aka nuna masa Baba. Na so shi tun ganin farko, ko da yake sai da na ƙara masa tsawo kaɗan a cikin zuciyata.

A Jidda ba a zancen ƙofar gida. Kuna tsayawa wani jami'i zai zo ya tambayi iƙama, takardar izinin zama. Don haka aka tsara zai riƙa zuwa bayan la'asar ranar Juma'a, ranar hutunsa, ya zauna a ɗakin Baba, in kawo shayi in zauna daga bakin ƙofa. Baba zai gaisa da shi, ya ce bari ya duba injin ruwa, ya bar mu da ƙofa a buɗe. Haka Inna ta tsara, kuma Baba ya amince.

Ranar farko komai ya tafi daidai har Baba ya sa ƙafa ɗaya a takalmi. Sai ya juyo, don ladabi kawai, ya ce, "Aikin naku babu wahala dai?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Sai dai lokacin sanyi, in mun tafi farauta."

Baba ya cire ƙafarsa daga takalmin.

Ashe kafilin mutumin nawa, wato maigidansa, mayen farauta ne. Duk shekara sai ya tafi wata ƙasar Turai harbin barewa, irin manyan nan masu ƙaho kamar reshen itace, ya tafi da direbansa don ɗaukar kaya da girki da fiɗa. Akwai kuma aladun daji da ke ɓata gonaki a can, masu gonakin su roƙa a rage musu, a harbe, su kwashe abinsu da kansu. Mutumin nawa bai taɓa ɗana kunamar bindiga ba. Amma shi ke buɗe cikin barewa, shi ke ganin abin da harsashi ya yi. Kuma duk shekara, a cunkoson hanyar Abhur, yana jin maigidansa a waya yana gardama da abokai a kan harsashin da ya fi.

Baba kuwa maharbi ne a ƙauyenmu kafin ya zo hajji ya zauna. Na san haka, amma kamar yadda na san ya taɓa yin gashi baƙi. Shekara ashirin da wani abu bai sami wanda zai yi wa zancen ba. Inna in ya soma sai ta tuna ta bar mai a wuta.

"Da wane harsashi yake harbi?" in ji Baba.

"Da can na dalma. Yanzu ya koma na tagulla zalla, babu dalma a ciki ko kaɗan."

"Tagulla? Wadda ake munduwa da ita?"

"Ita, Baba."

"To, barewar zai harba ko kayan lefe zai kai mata?"

Na yi dariya, don a lokacin ban san abin da ya same ni ba.

Baba ya gyara zama. Ya ce dalma ƙarfe ce mai biyayya. Shi da hannunsa yake narka ta a gwangwanin kifi, ya zuba, ya mulmula, ya ɗura a bindigarsa. In ta shiga jikin dabba sai ta baje, ta sauke duk ƙarfinta a ciki, barewa ta durƙusa nan take kamar an kira sallah. Mutumin nawa ya saurara da kai a sunkuye, sannan ya ce gaskiya ne, amma bajewar nan ita ce matsalar. Dalma tana tarwatsewa cikin nama, wani ɓarɓashin ido ba ya gani, kuma guba ce, musamman ga yara da masu ciki. Shi da kansa yakan yanke rabin kafaɗa ya zubar. Tagulla kuwa bakinta kawai ke buɗewa, ta ratsa ta fita ɗungurungum.

"Ta fita," in ji Baba. "Ka ji da bakinka. Baƙon da ya shigo ta ƙofa ya fita ta taga, me ya yi a gidan?"

"Ya bar ƙofa biyu a buɗe, Baba. Jini ya zuba, a bi sawu."

"Wato ka harba, sannan ka bi ta da gudu kana ba ta haƙuri."

Aka kira magariba suna kan haka. Ni da na kwana uku ina shirya yadda zan sunkuyar da kai in ya ce idona kamar na barewa, na ji an ambaci barewa sau hamsin, ba ko ɗaya da ta shafe ni.

Juma'a ta biyu aka koma kan alade. A nan mutumin nawa ya fi ƙarfi. Ya ce namijin aladen daji yana da wata fata mai tauri a kafaɗa kamar garkuwa, ga laka ta bushe a kai, dalma mai laushi takan farfashe a nan ba ta kai ga zuciya ba, sai ya juyo kanka. Baba ya ce shi ya kashe gadu bakwai da suka addabi gonar rogon kawunsa, duk da dalma, kuma gadu ya fi kowane aladen Turai rashin kunya. Mutumin nawa ya tambaya a ina yake harbinsu. Baba ya ce a bayan kunne. Shi kuma ya ce to ai a bayan kunne ko da tsakuwa ce. Baba ya ce ashe ba harsashi ne ya gaza ba, Turawa da Larabawa ne ba su iya saiti ba.

Juma'a ta huɗu ya zo da wani abu ƙunshe a farin hankici. Zuciyata ta buga. Ya warware a hankali, sai ga wata 'yar aba ja mai ƙyalli kamar fure, ganye huɗu sun lanƙwashe baya, ba ta fi kan yatsa ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Har na soma miƙa hannu, ina tunanin sarƙar da zan sa ta a ciki, sai ya wuce ni ya ɗora ta a tafin hannun Baba.

"Wannan tagullar a ƙashin cinyar barewa na ciro ta, Baba. Duba, ko ƙwaya ba ta ragu ba."

Baba ya juya ta, ya ɗanɗana da haƙori, ya ce, "Kyakkyawa ce. Kyawun ɗan maciji."

Duk da haka ina sonsa. In yana bayani yakan zana hanyar harsashi a iska da yatsa, ni kuwa in bi yatsan da ido, in mai da maganar wata iri a kunnena, kamar waƙar da ban san yarenta ba.

Sai kawun mutumin nawa ya zo umara. Shi ne wanda zai nema masa aure, kuma kwana goma sha biyu suka rage masa ya koma. In ya tafi ba a yi ba, sai wata shekarar, in ma an ba shi biza. Aka aiko a nemi ranar da za a zo. Baba ya ce a dakata tukuna, yaron yana da kirki amma hankalinsa bai gama nuna ba.

Na shiga ɗaki na yi kuka irin na littafi, da filo a fuska. Da na gama na kira shi a waya.

"Ranar Juma'a ka ce masa dalma ta fi."

"Ranki ya daɗe, ai ba ta fi ba."

"Na sani. Ka ce kawai."

"Ga ɗan nesa kaɗan, a kan ƙaramar barewa, zan iya cewa ba ta da laifi. Kuma ta fi araha. Tagulla in ta yi nisa gudunta ya ragu, wani lokaci ba ta buɗewa sosai. Wannan zan iya faɗa masa."

"Ba wa'azi na ce ka yi ba. Kalma uku ce. Dalma ta fi."

Na ce masa akwai mazan da suka ratsa kogi da ambaliya, akwai waɗanda suka bar gadon ubansu, akwai wanda ya sha guba ma saboda wadda yake so. Ya tambaya a wane gari. Na ce ba ruwansa da gari. Na ƙara da shasshekar kuka guda biyu, ɗaya ta gaske. Ya ce, "Halas, shi ke nan, zan faɗa."

Juma'a ta zo. Baba ya yi wanka, ya sa turare, har da wata takarda da ya zana kafaɗar gadu a kai. Ko shayi ba a zuba ba mutumin nawa ya dubi tabarma ya ce, "Baba, na yi tunani. Dalma ta fi."

Baba ya dube shi.

"Har a kan alade?"

"Har a kan alade."

"Garkuwar nan ta kafaɗa fa?"

"A harba a bayan kunne."

"Gubar da ka ce tana shiga nama?"

"A tsince, Baba."

Baba ya ninke takardarsa gida huɗu, ya sa a aljihu. Ya ce bari ya duba injin ruwa. Ya sa takalmansa duka biyu ya fita.

Ga shi nan, abin da na yi wata biyu ina mafarki. Ni da shi, ƙofa a buɗe, hasken yamma a kan labule. Na sunkuyar da kai yadda na shirya. Na jira. Can ya ce, "Shayin nan da na'ana'a ne?" Na ce e. Ya ce ya yi daɗi. Muka zauna muna jin ƙarar injin ruwa, wanda lafiyarsa ƙalau, har ya ce zai tafi kafin hanya ta cika.

Da yamman nan Baba bai ci tuwo ba. Ina daga kicin na ji yana ce wa Inna, "Ba zan ba shi ba. Mutumin da ake juyawa kamar waina a tanda. Yau ya saki tagulla ba dalili, gobe ya saki Uwata." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Inna ta shigo kicin ta tsaya a kaina. "Ke kika sa shi?"

Na ce ni ce.

"Karatun littafi bai ƙara miki komai ba. Ubanki ya ƙi yaron nan ne? Tsoro yake a ɗaura aure ku tare a Abhur, Juma'arsa ta mutu. Da kin bar su, ni na san yadda zan ɓullo masa. Yanzu kin kashe masa Juma'ar tun ba a ɗaura ba."

Kwana biyu ina neman dabara, ban samu ba. A littattafaina budurwa takan kwanta ciwo har uba ya sauko, na gwada, Inna ta ba ni jiƙo mai ɗaci ta ce in tashi in kwaɓa fulawa. Saura kwana huɗu kawunsa ya tafi, na fita da safe na sami Baba yana wanke wata farar mota. Na durƙusa gefen bokiti.

"Baba, ni na sa shi ya faɗi haka. Kuka na yi masa."

Bai daina goge gilashi ba. "Wato har yanzu yana kan tagullarsa?"

"Yana kai. Ya ce ma bayan ya fita ranar nan sai da ya yi istigfari."

"Bai yarda da maganar bayan kunne ba?"

"Ya ce alade ba ya tsayawa ya miƙo maka kunne."

Baba ya matse soso. Na ga gemunsa yana rawa. "Taurin kai," ya ce. "Yaro ƙarami da taurin kai haka. Wannan in ba a riƙe shi kusa ba, ɓata zai yi. Ki gaya wa uwarki su zo jibi."

Suka zo su uku, kawun da dattawa biyu, da goro da alewa. Ango ba ya shiga irin wannan zama, don haka shi yana waje cikin motar da ya kawo su. Ni ina bayan labule, na riƙe numfashi. Kawun ya soma jawabi mai tsawo a kan zumunci da asali, bai kai rabi ba Baba ya ce, "Na ba shi. Sharaɗi ɗaya, duk Juma'a bayan la'asar a nan zai yi ta, ko da matarsa ko babu." Aka yi dariya, ana zaton wasa ne. Baba ya ce a shaida. Aka shaida, aka shafa fatiha.

Hawaye suka zubo mini, masu ɗumi, guda bayan guda, daidai yadda ake rubutawa. Ina jira Inna ta zo ta rungume ni, sai na ji muryar Baba.

"Ina yaron? A kira shi."

"Alhaji, ai ba a saba ba," in ji kawun.

"An gama naku. Yalla, a kira shi."

Na ji takunsa, na ji sallamarsa a kunyace, na ji ƙarar takarda ana warwarewa.

"Zauna nan. Ka ce alade ba ya miƙo kunne. To, saurara in gaya maka yadda ake sa shi ya miƙo."