Asalin Jitar Baba

Babanmu aikinsa buɗe ƙofar ruwa ne a kanal ɗin da ke shayar da gonakin tumatir tsakanin Kura da Bunkure. Wani injiniya da ya yi aiki tare da su ne, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa jita da wani katafaren littafi na Turanci, cike da hotunan jitoci iri-iri da tarihin kowacce. Ɗinkinsa ya saki tun a lokacin, shafukan suna zamewa.

Baba bai iya kaɗa abin kirki ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da ya dame shi shi ne sanin asalin jitar. Takardar da ke manne a cikinta ta goge, ba suna ba gari. Yakan ce maƙwabtanmu Fulani sun san uwar kowace saniya da kakarta, shi kuwa yana zaune da baƙuwa a ɗaki bai san 'yar gidan wa ba ce.

Da na shiga sakandare sai na zama mai karanta masa. Bayan la'asar mukan zauna a zaure, jita a cinyarsa, littafi a tawa. Mu duba wuya, mu duba ƙugu, mu duba zanen da ya kewaye ramin tsakiya. Wata ta yi kama sai kai ya bambanta, wata kuma ƙugun ya yi faɗi. In mun zo inda shafi ya ɓace, sai ya ɗora wa ɓeraye laifi. Inna ba ta taɓa tambayar abin da muke nema ba, mu ma ba mu taɓa gaya mata ba. Ita dai ta kawo shayi ta ce mun sami aikin yi. Ina kewar yammacin nan ƙwarai, har da warin ganyen tumatir da ke hannun rigarsa.

Har Allah ya karɓi ransa ba mu same ta ba.

Bara da za a zuba iri na je gida. Inna ta sauko da tsohuwar tukunyar da take ajiye irin tumatir, kowane ƙunshi a takardarsa. A gidanmu takarda mai rubutun Larabci ko a ƙasa aka gan ta sai an ɗauka an adana, ta boko kuwa ta ƙunshi ce. Mai sheƙi ta fi, don iri ba ya manne mata.

Na kwance ƙunshin da ke can ƙasan tukunyar, wanda takardarsa ta yi laushi saboda daɗewa. Sai ga jitar Baba, da wuyanta, da ƙugunta, da zanen nan na bakin rami. A ƙarƙashi ga sunanta da garin da aka ƙera ta.

Na tambayi Inna yaushe ta ɗauki wannan. Ta ce tun shekarar da littafin ya shigo gidan, kuma duk shekara a cikinta take sake ƙunshe irin da ya fi kyau.

"Me ya sa ita, Inna?"

"Ai ita ce tasa," in ji ta. "Ina gani na gane ta."

Na kai takardar zaure na karanta sunan a bayyane, yadda na saba karanta masa.