Ƙofar da Sai-anjima ke Kullewa

A gidan wanki da gugan da take aiki, ba mai kiranta da sunanta na yanka. Sai-anjima ake ce mata. Da rana ta take, ana shirin zaman cin abinci, za ta kashe dutsen guga, ta yafa mayafi, ta ce “sai an jima”, ta fice kamar an biyo ta. Abokan aiki sun yi tsiya har sun gaji. Wata ta ce saurayi ta yi da tsufanta, wata ta ce kullum tukunya take bari a wuta. Ita dai sai murmushi.

Gida take zuwa. Ɗaki ne a bayan shagon masu walda, inda ƙarar ƙarfe ke haɗiye kowace ƙara, kuma don haka ta kama shi. A ciki, bayan ƙofar da take kullewa ta waje, akwai ɗanta, namiji har da gemu, wanda take kira Babana. Yana gab da gama koyon aikin lantarki ciwon ya same shi: barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyin da ba mai jinsu. Magani ya lafar da abin, bai kore shi ba. In ta zo a kan lokaci ta ba shi abinci da ƙwayarsa, ba ka ga mai sanyin hali kamarsa ba, har ninke mata kaya yake. In ta makara, muryoyin su ce masa ta gudu ta bar shi, ya hau dukan ƙofa da kafaɗa, da goshi.

A gidan da suka baro, ranar da ya fito yana ihu, maƙwabta suka yi masa taron dangi, suka ɗaure shi da igiyar shanya. Mutane ke nan. Wanda bai taɓa miƙo miki ko kofin ruwa ba, ranar ɗaure ɗanki shi ne a gaba. Wanda maciji ya sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya gudu. A sabuwar unguwa ba ta faɗa wa kowa tana da ɗa ba. Tsoro take kwana da shi, da shi take tashi. Tana guga tana kasa kunne, motar kashe gobara in ta wuce sai ta leƙa ta ga inda ta nufa.

Wata rana da hantsi, tana kan wata farar riga, ta ga rigar ta yi baƙi, ɗakin ya juya.

Ta farka a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Hasken da ke jikin bango na la'asar ne. Lokacin abincinsa ya wuce. Ta laluba bakin zaninta, makullin na nan a ƙulle. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi.

“Baba, ina kuma za ki?” in ji wata nas, tana mai da ita. “Jininki ne ya hau. Kin tashi, kin faɗi.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce, “'Yata, akwai mutum a ɗakina. Ɗana ne. Ba shi da lafiyar kai. Na kulle shi tun safe.”

“Subhanallahi! Bari a kira maƙwabta su ɓalle ƙofar.”

“A'a!” Ta damƙe hannun nas ɗin. “Don girman Allah kar ki tara masa maza. Kashe mini shi za su yi.”

Nas ta dube ta, ta fita. Sai-anjima ta kwanta tana jin bugun ƙofar a cikin kanta, tana ganin jini a goshinsa, tana ganin igiya.

Nas ta dawo da wata dattijuwa mai tabarau, wadda ta kira Malama. Ashe akwai ƙungiyar masu jinyar irin waɗannan marasa lafiya, a nan asibitin suke haɗuwa, Malama ce ke jan su. Mijinta ta yi jinya har ya koma ga Allah.

Malama ta ja kujera. “Ni zan je, ni kaɗai. Me yake so a kira shi?”

“Babana.”

“In na buɗe, in shiga ko in tsaya?”

“Kar ki tsaya a bakin ƙofa, gani zai yi kin tare shi. Ki zauna a ƙasa. Kar ki zuba masa ido. Maganin na cikin gwangwanin madara, sama da taga.” Sai hawaye. Tunda ciwon ya zo, ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ake bi da shi, sai dai a gaya mata.

Kwance makullin ya fi mata komai wuya. Ta miƙa, yatsunta suka ƙi saki, sai da Malama ta zare a hankali.

Ta jira. Duk wanda aka turo a keken marasa lafiya sai ta ɗaga kai ta duba fuskarsa. Can wayar nas ta yi ƙara, aka kara mata a kunne.

“Goshinsa ya ɗan fashe, na wanke,” in ji Malama. “Ya ci, ya sha magani. Ga shi.”

Numfashi ta fara ji, sannan muryarsa, a dishe. “Umma, ba guduwa kika yi ba?”

“Ina zan je in bar ka, Babana? Asibiti nake, jiri ne kawai.”

Ya ce, “Ni ga wannan matar a wurina. To ke, wa ke zaune da ke?”

Ta juya ta dubi kujerar da ke gefen gadon. Sauran gadajen kowanne da mai jinya, wasu har bibbiyu. Ta buɗe baki ta yi masa ƙarya, kamar yadda ta saba yi wa kowa, kuka ya riga ta.