Akwatin Kiɗan Baba

Bayan sadakar arba'in aka raba kayan Baba a Zariya. Ƙannena suka yi wa riguna da rediyo wawa, ni babba aka turo mini akwatin kiɗa, don ba mai so. Irin wanda ake zugawa da hannu ɗaya ne, ana danna madannai da ɗayan. Kakanmu, malamin firamare, ya samo shi wajen wani Bature, Baba ya gada. Ban yi kuka ranar rasuwar ba, ban yi ranar rabon ba. Na naɗe shi a bargo na taho da shi Doha, inda nake aikin direba.

Saboda Inna na ɗauko wannan wahalar. Mantuwa ta kama ta, har mu 'ya'yanta muna ɓace mata, amma Baba bai ɓace ba, kuma kiɗan nan ta sha shi shekara arba'in. Na sa a raina in ta ji shi za ta gane ni. Akwatin kuwa ya daɗe ba ya fitar da komai sai huci.

Wata Juma'a na kai shi wajen wani tsoho Ba'indiye a bayan kasuwar Asian Town, mai gyaran irinsa. Ya buɗe, ya shinshina, ya ja da baya.

"Wa ya zuba mai a ciki?" ya tambaye ni da guntun Larabcinsa.

Baba ne mana. A wajenmu fata ba ta zama ba mai, don haka duk shekara sai ya shafe zugazugin da man shanu kamar takalmin Sallah. Man ya tsiyaya kan 'yan harsunan tagullar da ke ba da sauti, datti ya manne. Shi ya sa muka taso muna jin muryar akwatin a dishe, tana rawa. Mu mun ɗauka haka Bature ya ƙera shi.

Sati uku tsohon ya yi. Ya sauya fatar, ya wanke harsunan ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita su. Ya danna, sauti ya fito tas.

"Khalas, shi ke nan, ya zama sabo," in ji shi.

Na yi godiya. Ban ji komai a raina ba.

A ɗakinmu da ke unguwar Mansura, abokin zamana, wani maigadi ɗan Katsina, ya riƙe mini waya. Can Zariya kuma ƙanwata ta ɗaga kiran, ta kai tata kusa da kunnen Inna. Na buga waƙar 'yan makaranta, ita kaɗai Baba ya koya mini. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Sannu da ƙoƙari, bawan Allah," ta ce. "Na wane ne?"

"Na Baba ne, Inna. Ni ne, na gyara shi."

"A'a. Nasa ba haka yake kuka ba. Maza mayar wa mai shi, kada ya nema."

Na ce, "To, Inna."