Ni Na Ƙara Wa Wasiƙun Yaya Rifkatu Gishiri

A wannan watan ne yayata Rifkatu ke cika shekara goma sha shida a ƙasa. An binne ta a wani ƙaramin ƙauye da ke can bayan Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Kowace shekara nakan tara iyalina mu yi addu'a, mu ci tuwo, in ba su labarin kirkinta, a watse. Bana na ce abin ya isa haka. Akwai tsofaffi a Abujan nan waɗanda har gobe in aka ambaci sunanta sai su girgiza kai su ce, "Allah sarki, malamar nan da ta yi mana ƙarya." Yaya ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ni na yi, ni Iliya, autan gidanmu, kuma na gaji da yawo da wannan kaya a ka.

Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, a bayanta na yi wayo. Malamar firamare ce, mijinta ya rasu ba su samu haihuwa ba. Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, kowa ya ɗauro ƙunshinsa ya nufo Abuja, don an ce gari ya buɗe. A daidai wannan lokacin ne ikilisiyarmu, wadda a sa'an nan rumfar kwano ce a gefen masana'antun Idu, ta samu saƙo daga wasu 'yan tsirarun Kirista na wancan ƙauye, suna roƙon a aiko musu da wanda zai koya wa matansu karatu don su riƙa karanta Maganar Allah da kansu. Aka yi cigiya a coci. Mazanmu kowa ya tuno da uzurinsa, wannan ciwon baya, wancan yana jiran ƙarin girma a ofis. Yaya ce ta ɗaga hannu. Na ce mata, "Yaya, kowa yana shigowa Abuja, ke kuma kina fita?" Ta ce, "Ai shi ya sa zan samu wuri a mota, Auta."

Ni a lokacin mai buga takardu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ni ne kuma magatakardan ikilisiya. Al'adarmu ita ce, duk wasiƙar da wanda muka aika ya rubuto, magatakarda zai tashi ranar Lahadi ya karanta ta gaban jama'a, sannan a yi masa addu'a a kan abin da ya roƙa. Wasiƙun Yaya daga hannun direba zuwa hannun direba suke zuwa, har su iso tashar Utako suna warin fetur da albasa. Ni nake zuwa in karɓo, ni nake buɗewa, ba kuma wanda ya taɓa cewa in nuna masa takardar.

Yaya ba ta iya ado da magana ba. A shekarar farko mata kusan ashirin suka zo, yawancinsu don kallon baƙuwa. Da ruwa ya sauka aka koma gona, suka zama bakwai. Shekara ta gaba damina ta yi gardama, maza suka tafi cin rani, mata suka koma wuni a bakin rijiya mai nisa, suka zama uku. Daga baya sai mutum ɗaya ta rage, wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Inna Tabawa, wadda idonta ma ya fara rauni. Duk wannan Yaya ta rubuto shi yadda yake. A wata wasiƙa ta ce: "Yau Tabawa ta tafi kasuwa. Na kaɗa ƙarfe sau uku, ba wanda ya zo sai akuyar maƙwabta. Na yi kuka, na wanke fuskata, na share allo. Wani lokaci nakan tambayi Ubangiji ko ya manta inda ya ajiye ni. Gobe ma zan kaɗa. Ku yi mini addu'a kada in karaya."

To, sai mai karatu ya tuna irin Abujar da nake tsaye a cikinta da wannan takarda a hannu. Wayar hannu ta shigo, gine-gine suna tsirowa ta ko'ina, rumfarmu ta kwano ta fara zama bulo. In an zo ba da shaida a coci, wannan ya samu fili, wancan ya sayi mota, wance an ba mijinta kwangila, sai tafi da guɗa. Ni kuma in miƙe bayansu in karanta labarin akuya? Ranar farko tsallake akuyar kawai na yi. Wata na gaba ɗaliba ɗaya ta zama "mata da dama". Da na ga ba wanda ya ɗaga gira, sai na sa musu lamba. Cocin ya ɗauki tafi, ni kuwa na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na riƙa gaya wa kaina don ita nake yi, kada kwamitin da ya aike ta ya ga aikin ba ya ci ya ce ta dawo. Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce. Na so a riƙa nuna ni ana cewa ga ƙanen Malama. Kafin shekara huɗu ta cika, na buɗe wa Yaya aji biyu da bakina, na zuba mata ɗalibai fiye da arba'in.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni dai har na manta ina cikin rami sai da Yaya ta rubuto cewa za ta zo hutu. Na yi niyyar in gaya mata tun a tasha. Da ta sauko daga mota a Utako na ga yadda ta rame, zanenta ya koɗe, ƙafarta duk faso, sai na fasa. Na ce gobe. Goben nan ita ce ta kai mu ranar Lahadi.

Ban taɓa ganin cocinmu ya cika irin ranar ba. Matan zumunta sun yi anko, an kawo ganguna, aka zaunar da ita a kujerar gaba tana ta kalle-kalle, ba ta san dalilin wannan biki ba. Baba Bulus, dattijon da ke shugabantar kwamitin aika masu bishara, ya karɓi makirufo. Da Hausarsa ta 'yan tudu wadda ba ruwanta da mace ko namiji ya ce, "Malama, ka zo ka gaya mana yadda kai kaɗai kake riƙe aji biyu, mata arba'in. Mu ma mu koya."

Yaya ta miƙe. Ta dubi Baba Bulus, ta dubi jama'a, sannan ta juyo ta dube ni inda nake zaune da littafin magatakarda a cinya. A fuskarta na ga lokacin da ta gane.

Ta ce, "Baba, ɗaliba ɗaya gare ni. Sunanta Tabawa."

Baba Bulus ya ce, "To wasiƙun da muke ji fa?"

Ta ce, "Abin da kuka ji ba haka yake ba. Ina roƙonku gafara." Ta koma ta zauna.

Ido ɗari ya koma kanta, ko ɗaya bai zo kaina ba. Wasiƙunta na ainihi suna gida cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke ta. Na zauna kamar an dasa ni. Har yau in na tuna, abin da ya fi girgiza ni ba ƙaryar ba ce, shirun nan ne. Hausawa suka ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ni na ja, yayata ya doka, ina kallo.

A makon nan kwamiti ya zauna ya janye hannunsa daga aikin, ni ne ma na rubuta abin da aka yanke. A gida na jira faɗa, na jira mari irin na da, ban samu ba. Da yamma tana gyaran wake a tire, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Auta, akuyar ma ka cire ta?" Na ce na cire. Ta ce, "Kash. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yin fashi ba." Nan na fashe da kuka kamar ba magidanci ba. Na tambaye ta me ya hana ta tona ni. Ta ce, "Kana da mata da 'ya'ya da aiki a garin nan, ni kuwa allo kawai gare ni." Ta ƙara da cewa ba za ta tsayar mini da ranar da zan yi magana ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Na ɗauka shi ke nan, za ta zauna a wurinmu ta nemi koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da ke ta buɗewa. Bayan mako biyu na dawo daga aiki na tarar ta ɗaure kayanta. Ba mai aikenta, ba mai riƙe ta, sunanta ya ɓaci, ina za ta? Ta ce, "Tabawa ta kai rabin littafi. In bar ta a tsakiyar kogi?" Ta koma, ta riƙa noma ɗan gero tana ɗinki da hannu don ta ci, tana kaɗa ƙarfenta kowace safiya. Shekara uku ta ƙara. Wasiƙunta ni kaɗai nake karantawa yanzu, kuma ko sau ɗaya ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata ranar Asabar wani direba ya kira ni a waya ya ce, "Oga, ka zo Utako, akwai leta, an ce hannu da hannu." Tun daga bayan ambulan na ga ba rubutun Yaya ba ne. Falle ɗaya ne da aka yago daga littafin makaranta, baƙaƙen manya-manya, a karkace, an danne fensir har ya huda takardar. Ga abin da ke ciki: "Malama ta mutu ranar Talata. Zazzaɓi ne. Mun binne ta, Kirista da Musulmi duk sun zo. Ni Tabawa na rubuta da hannuna. Ba wanda ya taya ni."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha ba, 'yan kamasho suna zagaye ni suna tambaya ko lafiya. Washegari na karanta wannan takarda a coci yadda take, ban ƙara ba ban rage ba. Da na gama, na ji wata mata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Ko wannan ɗin ma gaskiya ne?" Na ji ta da kunnena. Na naɗe takardar na koma kujerata, na sake yin shiru. Wannan shirun ne ya kai shekara goma sha shida.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Cocinmu ya zama bene, da majigi a bango. Waɗanda ake aikawa ƙetare yanzu ba sa jiran direba, hoto suke turowa ta waya, kuma ban taɓa ganin wanda ya turo hoton benci babu kowa ba. Ina jin dariya za ta yi, ta tambaya wa ke yi wa mai bencin addu'a. Nan ne inda laifina ya fi nauyi, kuma sai da na tsufa na gane. Kowace wasiƙarta da roƙo ɗaya take ƙarewa, a yi mata addu'a kada ta karaya. Ni kuma sai in karanta, "Ku taya ni godiya." Shekara huɗu mutanen kirki suna tafi suna gode wa Allah, ita kuwa tana can tana wanke hawaye ita kaɗai. Ba sunanta kaɗai na ɓata ba, addu'ar da ta roƙa ma na tare ta a hanya.

Yanzu na yi ritaya, ina Yangoji ina fama da 'yar gonar doya. Makon jiya na ɗauko gwangwanin biskit ɗin nan na tafi wurin Baba Bulus. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi. Na durƙusa na gaya masa komai, sannan na karanta masa wasiƙar ƙarfe da akuya. Can ya ce, "Iliya, da wannan ka karanta mana, da ni da kaina na hau mota na je na zauna a bencin nan." Ya share ido da bakin riga ya ce in sake karanta masa daga farko. Na sake.

In an auna abin da Yaya ta bari da mudun Abuja, ba zai rufe gindin mudu ba. Ba makaranta mai sunanta, ba gini, Inna Tabawa ma na ji ta bi ta tun shekarun baya. Abin da ya rage shi ne wasiƙun nan da ba ƙarya ko ɗaya a cikinsu, da falle ɗaya mai hudar fensir. Na roƙi fasto minti goma ranar Lahadi mai zuwa, zan tsaya inda na saba tsayawa in karanta su yadda ta rubuta, har da akuyar. Wanda kuma ba zai samu zuwa ba, in yana cikin waɗanda suka zauna a cocin nan a waccan ranar, to ya ji daga bakin wanda ya yi laifin: Malama Rifkatu ba ta taɓa yi muku ƙarya ba. Ɗaliba ɗaya gare ta, sunanta Tabawa, kuma ta iya rubutu da hannunta.