Ranar da Aka Wanke Babur ɗin Malam Gwadabe

Duk mai sallar Juma'a a wani masallaci da ke bakin titi a Dutse ya san Malam Gwadabe, ko bai san sunansa ba ya san muryarsa. Mutumin Miga ne, dabino yake sayarwa, amma aikin da ya ɗora wa kansa shi ne daidaita sahu. Ba wanda ya naɗa shi fa. "Kai, matso! Kai, ja ƙafarka!" Liman kansa in ya hango shi sai ya ɗan gyara tsayuwa.

Abu biyu yake tinƙaho da su. Shekararsa sittin da ɗaya bai taɓa biyan tara ba, don mahaifinsa kafin ya rasu ya ce masa kada ya bari sunansa ya hau takardar laifi, shi kuwa ya riƙe maganar gam. Sai babur ɗinsa, wanda rabonsa da ruwa har an manta. In aka tsokane shi sai ya ce ai da dattin yake gane abinsa.

To, wata Juma'a aka idar da salla, Malam ya duba bakin titi inda ya kafe babur, wayam! Sai da jama'a suka watse ya hango wani babur shi kaɗai yana ƙyalli a harabar wasu shaguna da ke jikin masallacin. Ya duba lamba, nasa ne. An ɗaure tayar da sarƙa, an manna takarda: ajiye abin hawa ba izini, tarar naira dubu biyar.

"Ni? Tara? Haba, wallahi ba a isa ba!"

Wani bawan Allah ya ce zai biya masa a wuce wurin. Nan ran Malam ya ƙara ɓaci, don in aka biya, ya tabbata ke nan ya yi laifin. Ya bar babur ya hau motar haya ya koma gida.

Washegari ya zuba babbar riga ya sami manajan shagunan, wani mai suna Zainulabidin.

"Baba, ka yi haƙuri, ƙa'idar wurin ce," in ji manaja.

"Ɗana, ni a titi na bar shi. Babur kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa."

Aka kira Yahuza maigadi, wanda ya ɗaure babur ɗin. Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, yallaɓai, jiya sahu ne ya fito har titi, babur ɗin ya tare wuri. Mu huɗu muka cicciɓe shi muka shigo da shi. Ni na kama bayan."

"Kai ka shigo da shi, kuma kai ka ɗaure shi?"

"Ai bayan salla na ga ba katin shiga a jikinsa. Aiki kuwa aiki ne."

Malam ya miƙe tsaye, riga na kaɗawa. "Ka ji ko! Wane ne ya sa ku taɓa kayan mutane? A nemo min shi yanzu!"

Yahuza ya sunkuyar da kai. "Baba, ai kai ne. Kai ka ce wane marar tunani ne ya kafe babur a kan sahu. Kai ma ka kama kan."

Sai a lokacin Malam ya tuna. Jiya da safe matarsa Safiyatu, da kunyar babur ɗin ta ishe ta, ta dirje shi tas da soso da sabulu lokacin da Malam yake wanka. Ya fito a gurguje, ya yi mita, ya hau. Da hidimar sahu ta ɗauke masa hankali, ya ga jan babur fes, bai ko yi zaton nasa ba ne. Shi ya ma manta ja ne!

Manaja ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya sa aka ɗauko takardar tarar ya kekketa.

"Baba, ba ka da tara. Wanda ya ba da umarnin ma mun yafe masa."

Malam bai yi dariya ba. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya rufe shi. Ya tsince gutsattsarin takardar ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, idonsa ya ciko, ya yi wa mahaifinsa addu'a a hankali.

Har gobe yana nan yana daidaita sahu, muryar ba ta ragu ba. Sai dai kafin ya ce a ɗauke babur, yakan fara sunkuyawa ya duba lamba.