Yayen Macijiyar Maƙwabcina

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani tsohon gida a Glenwood, na taɓa yin renon maciji na sati shida. Ni ɗin nan da kuka sani, wanda ko tsaka ya gani a bango sai ya canja ɗaki.

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Shekarar da na zo Greensboro ba ni da mota, shi yake kai ni sallar Juma'a ya jira ni a waje yana karanta jarida. Don haka ranar da ya ce za a yi masa aikin ƙugu, zai daɗe a gidan jinya, yana son ba ni amanar wani abu, ban bari ya ƙarasa ba na ce ya kawo. Na zaci kyanwa ce.

Sai ga shi da akwatin gilashi. A ciki akwai wata siririyar macijiya mai ratsin rawaya, irin waɗanda ake gani a ciyawar bayan gida a nan, ba sa cutar da mutum. Matarsa ce ta rene ta, kuma kifi kawai take ci. Likitan dabbobi ya ce kifi shi kaɗai zai nakasa ta, dole a mayar da ita kan ɓera. Ya fara gwadawa, ba ta karɓa ba, ga ranar aikinsa ta zo. Ya miƙa mini takardar bayani da wata leda mai sanyi, ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini mai numfashi a gidan nan."

Na buɗe ledar na ga jariran ɓeraye daskararru, jajaye, ko gashi babu. Na daɗe ina kallonsu. A garinmu tarko ake ɗana wa ɓera, a nan kuwa har kanti ake zuwa sayensa. Na cusa ledar a firiza, bayan naman miya.

Na yi duk abin da takarda ta ce. In narkar da ɗaya a ruwan ɗumi, in riƙe shi da hantsaki, in dinga kaɗa mata a gaban hanci. Sai ta fito da harshe sau biyu, ta juya ta shige ƙarƙashin wani ɓawon itace da ke cikin akwatin. Da safe in gwada, da yamma in gwada, har lallashinta nake yi da Hausa da Turanci. Na shiga intanet, wani ya ce a bar ta da yunwa, wani ya ce yunwar ce za ta kashe ta. Na kira abokina da ke Sedgefield, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, you are on your own, ni ko a hoto ba na kallonsu."

Ana cikin haka mahaifiyata ta iso daga gida don ziyara. Washegari ta buɗe firiza, na ji ta ce, "Kai, jatan landen ƙasar nan har jela gare shi?" Kafin in iso ta gane abin da ta riƙe. Salatin da ta yi, ina jin har titi an ji shi. Da na nuna mata akwatin kuwa, ta daina shiga falo gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa kiran sunan abar ba. "Waccan" kawai take cewa.

A ƙasan takardar an rubuta cewa idan ta ƙi, a shafa wa ɓeran kifi. Ba a faɗi wane kifi ba. Sai na yi tunanin ai babu kifin da ya kai bandar da mahaifiyata ta zo da ita ƙamshi, tunda har labulen gidan ya ɗauka. Na ɗebi ɗaya ba ta sani ba, na goge ɓeran da shi tas. Macijiyar ta shaƙa sau ɗaya, ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba.

Sati uku ke nan ba ta ci komai ba, fatar gefenta ta fara yamutsewa. Dattijon yakan kira daga gidan jinya, murya a raunane, tambayarsa ɗaya ce: "Ta ci?" Ni kuma in ce muna nan muna ƙoƙari. Gaskiya na ji tsoro, don ban san da wane baki zan gaya masa ta mutu a hannuna ba.

Mahaifiyata ce ta lura bandarta ta ragu. Da ta matsa, na faɗi gaskiya. Na jira faɗa, sai kawai ta ce, "To ai yaye ne wannan."

Na ce, "Mama, maciji ne fa."

"Ko mene ne. Jikoki nawa na yaye? Ka taɓa ganin an yi yaye uwa na tsaye a kan yaro tana roƙonsa? Don me ake kai shi gidan kaka? Kuma wadda ta saba da ɗanyen kifi ka je ka ba ta banda, kai ma ka ji."

Daga bakin ƙofa ta ba da umarni, mayafi a hanci. In sayo ɗanyen kifin da ta saba da shi, in yanka ƙanana, in cakuɗa da ɗan guntun ɓera, in zuba a murfin kwalba in ajiye mata. Sai ta cillo mini tsohon zanenta ta ce in rufe akwatin ruf, in tafi aiki, kada in kuskura in ɗaga.

Da na dawo na tarar ta ja kujera bakin falo tana jan carbi, tana gadin zanen. Na ɗaga a hankali. Murfin babu komai, macijiyar na kwance da ɗan tudu a ciki. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na zauna a ƙasa kawai.

Daga nan duk bayan kwana huɗu sai mahaifiyata ta ce a rage kifi a ƙara ɓera. Kafin dattijon ya dawo, macijiyar na haɗiye ɓera guda ba tare da ko ƙamshin kifi ba. Ranar da ya zo ɗaukarta yana dogara sanda, na fassara masa yadda aka yi. Ya cire hularsa ya rusuna wa mahaifiyata, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ninke zanen zai mayar mata, ta ja da baya ta ce ya riƙe, ita ba za ta ƙara ɗaura shi ba.

Har yau ban gama gane abin ba. Na san dai yawan tsayuwata a kanta ya hana ta ci, kuma nakan tuna da haka duk lokacin da nake bin 'ya'yana da cokali. Na koma McLeansville tuntuni, amma ina leƙa dattijon, zanen na nan a kan akwatin. Mahaifiyata kuwa, in ta kira waya, kafin ta tambayi yarana sai ta ce, "Waccan da na yaye, tana cin abincinta?"